Zaman Asusu: Abin da muka ci a filin kokowa

Ƴan'uwa mata na ƙungiyoyin asusu, daga Magaria har Dungass da ƙauyukan da ke kewaye. 

Kun san da an gama ɗaurin dammuna sai ganga ta tashi. Gari-gari ana kokowa, a zaɓi gwanayen da za su je Damagaram, can kuma a tace goma da za su tsaya wa jiha wurin neman Takobin ƙasa. Tun 1975 da aka fara a Tahoua ake wannan gasa, jihohi na karɓar baƙuncinta bi da bi. Maza suna ta gardamar wa ya ka da wa. Mu kuwa tamu maganar tana bakin fili, inda hayaƙi ke tashi da ƙamshin mai, domin can ne kuɗinmu ke shiga, can ne kuma yake fita.

Bara mun je kallo mu shida daga ƙungiyarmu, da yara. Mun fita da wuri don mu sami inda za mu zauna. Kafin la'asar yunwa ta taso, yara suka fara jan zane. Tashi kuwa ba ya yiwuwa, kina ɗagawa wata ta gaje wurin. Sai abin da ya zo gabanmu. Awarar da muke saye biyar a dala ashirin cikin unguwa, a nan uku aka ba mu, muka biya ba gardama. Sai ga shinkafa da wake cikin roba, ba murfi. Ta huce tun tuni, yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori, amma yaro mai jin yunwa ba ya tambaya. Cikin dare biyu daga cikin yaran suka kama gudawa. Ɗaya ya tsaya da ruwan gishiri da sukari, ɗayan sai da aka kai shi likita. Kuɗin kabu-kabu da na magani sun haura zubin uwar na wata biyu, sai asusun taimako ne ya rufa mata asiri.

Ba mu kawo wannan don mu kushe mai shinkafar ba. Ƴar'uwarmu ce, wataƙila ma ita ma rance ta ɗauka. Amma ranar muka ɗanɗana abin da mai saye ke ji, mu da kullum muna bayan tukunya.

Ga abin da muka gane. Mai kallo ba ɗan kasuwa ba ne. Ba ya zagayawa yana taya kaya, idonsa na kan fili, cinikinsa na ɗan lokacin da ake kiran wasu ƴan kokowa ne. Da hannu ɗaya yake ci, a tsaye ko a matse. Ba kwano, ba wurin wanke hannu. Shi ya sa yake biyan tsada, shi ya sa kuma yake cin abin da ba zai ci a gida ba. Haka abin yake ranar sukuwar dawaki, haka yake har a filayen tseren motoci na Turai, inda masu abinci ke biyan hayar rumfa su ɗora wa ƴan kallo. Taro riba ne, amma amana ne kuma, tunda mutum bai da zaɓi sai ke.

Da kokowa ta sake zagayowa, biyu daga cikinmu suka nemi rance. Ta farko ta ɗauki jika 15, ta dafa shinkafa da miya da nama, babbar tukunya. Abinci ya yi daɗi, ba ƙarya. Amma wa zai bar wurinsa ya zo ya zauna gaban kwano? Kwanoninta goma, ruwan wanki jarka ɗaya. Magariba na yi fili ya watse kamar an kora, ta koma gida da rabin tukunya, maƙwabta suka sha gara. Sai da ta saida ɗan akuyarta ta cika rancen.

Ta biyu jika 5 ta ɗauka. Waken suya ta saya, da mai, da yaji, da itace. Ta haɗa awararta tun dare, ta kafa kasko a bayan fili ta gefen da iska ba ta kwaso ƙura. Tana soyawa ana ɗauka, da zafinta, a ƙunshe. Ta haɗa da soyayyar fara, wadda ko ta kwana ba asara. Kafin a yi karon ƙarshe ta kife kasko. Ranar taro ta gaba ta maido da uwar kuɗi da abin da ke bisa, ta kuma ƙara hannu a zubinta.

Ba wai ta fi ta farko iya girki ba ne, ko kusa. Ta dai dafa abin da wurin ke ci.

To shugabanni da masu riƙe da makullai, kafin a buɗe akwati a ba da rancen cinikin taro, a zauna da mai nema a tambaye ta cikin mutunci.

Na ɗaya, me za ki saida? Abin da ake ci da hannu ɗaya ya fi tafiya: ƙosai, awara, fanke, masa, soyayyen dankali, fara, gyaɗa, rake. Abin da ke neman kwano da cokali a bar shi ga tasha da ranar kasuwa.

Na biyu, in ya yi saura fa? Gyaɗa da fara da ƙuli-ƙuli suna jiran gobe. Dafaffiyar shinkafa da ɗan wake da dambun zogale ba sa jira. Gara ki ɗauki ɗanyen ƙullu kina soyawa kaɗan-kaɗan, ki tashi ana nema, da ki tashi kina nema.

Na uku, kin lissafa kuɗin wuri? In akwai tikitin ma'aikatar magajin gari ko na masu shirya wasan, a tambaya tun kafin ranar, a sa shi cikin lissafi tare da itace da ruwa da kuɗin amalanke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, canji. Ki tanadi ƴan dala biyar da dala goma da dala ashirin, don mai gaggawa ba ya jiran ki aika neman canji. Mu nan bakin iyaka kuma kun san naira na yawo tare da sefa. Ki san canjin ranar tun da safe, ki tsaida farashinki a kowanne. Bashi kuwa babu shi a taro. Wanda ya ce bari a gama wannan karon ya kawo miki, kin gan shi ke nan.

Na biyar, tsafta. Murfi a kan komai. Buta da sabulu kusa da ke. Ruwan zoɓo da na lamurje ya zama ruwan da za ki iya ba ɗanki. Hannun da ke karɓar kuɗi kada ya shiga abinci, a sa matsami ko cokali. Ba mu manta da amai da gudawar 2021 da ta taɓa jiharmu da ta Maraɗi ba, kuma kowa ta san inda jama'a suka cunkushe nan cuta ta fi saurin yaɗuwa.

Na ƙarshe shi ya fi mana nauyi: wa zai shiga cikin taron da faranti? Mun ga yara mata ƴan shekara goma suna kutsawa tsakanin maza har duhu ya yi, da kuɗi ɗaure a gefen zane. Ƴan'uwa, babu ribar da ta kai wannan. Ku haɗu ku biyu ko uku, ɗaya na suya, ɗaya na miƙawa a bakin fili, yarinya ta tsaya inda idonki ke kanta, kuma kowa ta kama hanyar gida kafin magariba.

In kuma kallo za ki je, ki ciyar da yara kafin ku fita, ki riƙe ruwanki daga gida, ki sayi abin da aka kwashe daga wuta a gabanki. Yaro in ya kama gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a ci gaba da ba shi nono da abinci, in ya ƙi sha ko ya yi laushi a garzaya likita, kada a jira gari ya waye.

A karanta wannan a taron mako, waɗanda suka taɓa cinikin fili su faɗa wa sauran yadda ta kaya musu. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya tsare mana yaranmu. Sai fitowa ta gaba.