Jirgin Yaƙi A Cikin Kwali: Kafin Ku Zuba Kuɗinku

Yawancinmu mun taɓa ƙera mota da karan dawa ko gwangwanin madara. To, a wasu ƙasashe wannan wasa ya zama sana'a mai kamfanoni da mujallu. Ana sayar da ƙananan jirage da tankokin yaƙi na roba a warwatse cikin kwali, mutum ya harhaɗa da gam, ya yi musu fenti. A wannan mako za mu duba guda ɗaya, mu kuma ga yadda ake tantance na kirki, domin kayan daga waje suke zuwa, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne ga ɗalibi.

Abin da muka ɗauka shi ne jirgin Hurricane na kamfanin Airfix da ke Ingila, wanda Nicholas Kove ya kafa a 1939. A jikin kwalin za ku ga an rubuta 1:72. Ma'anarsa, kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana matsayin santimita 72 a jikin jirgin gaske. Faɗin fukafukan Hurricane ƙafa 40 ne, wato mita 12 da ɗan ɗoriya. Ku raba da 72, za ku sami kusan santimita 17. Wannan ita ce jarrabawar farko: ku ɗora rula. Idan lissafi bai fito ba, samfurin bai cika ba, komai kyan hoton kwalinsa. Tankoki kuwa an fi yin su a ma'aunin 1:35, wanda kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa, shi ya sa tanka takan fi jirgi cika hannu, ta kuma fi shi tsada.

Ga mai farawa, mun fi son irin kwalin da Airfix ke haɗawa da ƙananan fenti da gam da buroshi, don ba sai an sake neman wani abu ba. Sassansa ba su da yawa, takardar umarnin kuma zane ne da lambobi, ko wanda Turancinsa bai nuna ba zai iya bi. Sai dai fentin ɗan kaɗan ne, buroshi ɗaya kuma ba ya isar lungu da saƙo. Shawararmu: ku gwada haɗa kowane sashe ba gam tukuna, ku goge bakinsa da samfefa, ku shafa fenti siriri sau biyu maimakon mai kauri sau ɗaya. Gam ɗin yana da wari mai ƙarfi, don haka a buɗe taga, a kuma nisanta ƙananan sassan daga ƙannenmu masu kai komai baki. Gaggawa aikin shaiɗan ce, a nan ma haka take.

Me ya sa Hurricane, ba wani ba? Saboda ya ratsa ta kanmu. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, Turawan Ingila sun riƙa kawo waɗannan jirage cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A can ake harhaɗa su, sannan su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan har Alƙahira. Ashe jirgin gasken ma a kwali ya zo Afirka! Waɗanda suka yi aiki a hamada an ƙara musu matatar iska a ƙarƙashin hanci don kada ƙura ta kashe inji. Wanda ya san wannan, ya san abin da zai nema a jikin samfuri kafin ya ce na hamada ne.

Sai batun mujallu. Akwai FineScale Modeler ta Amurka da ta fara fita a 1982, da Airfix Model World ta Ingila. Amfaninsu shi ne hotuna mataki-mataki, da dabarun sa samfuri ya yi kamar ya sha rana da ƙura. Amma ku karanta da ido biyu. A irin waɗannan mujallu, sau da yawa kamfani ne ke aika wa mai sharhi kayan kyauta, tallarsa kuma tana nan a wani shafin. Mai sharhi na gari shi ne wanda ya haɗa abin da hannunsa, ya auna, ya faɗi inda sassa suka ƙi zama. Wanda ya buɗe kwali kawai ya hau yabo, talla yake yi.

Akwai kuma abin da shafukan ba su cika nunawa ba. Tankokin Jamus sun cika su maƙil, amma da wuya ku ga sojan Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, alhali kakanninmu da dama sun yi yaƙi a cikinsu a dazukan Burma, wasu ba su dawo ba. Jirgin kan tebur tsaf yake, na gasken kuwa rayuka ya ci. Mu haɗa shi don sanin lissafi da tarihi, ba don sha'awar yaƙi ba.

Wanda ba shi da halin saye, kada ya karaya. Ya nemo ma'aunin Hurricane, ya raba da 72, ya zana a kwali, ya yanka. Ku aiko mana da hoton abin da kuka ƙera tare da lissafinku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.