Salo Flohr: gwanin da aka yi wa alkawarin neman sarauta, yaƙi ya shiga tsakani

Wannan sati za mu yi magana bisa wasan eshek, wato darar Anasara, wadda ake yi bisa allo mai gida 64, kowane ɗan wasa da ƴaƴansa 16. Wanda ya tsare sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ya ci. A wajen gasa, wanda ya ci yana da maki ɗaya, in kuwa aka yi canjaras sai a raba makin rabi da rabi. Ku riƙe wannan lissafi da kyau, domin a cikinsa labarin Salo Flohr yake, gwanin ƙasar Cekoslobakiya, ƙasar da a shekara ta 1993 ta rabu gida biyu, Cek da Sulobakiya.

An haifi Flohr a shekara ta 1908 a garin Horodenka, wanda yau yake cikin Ukren. Iyayensa Yahudawa ne, kuma an kashe su a lokacin yaƙin duniya na farko. Shi da ɗan uwansa suka tsira, suka sami mafaka a Cekoslobakiya. Da ya tasa, sai ya riƙa zama a gidajen shan kafe na birnin Purag, yana karawa da duk wanda ya aje kuɗi. Nan ya yi karatunsa na wasa. A shekara ta 1929 ya shiga gasar Rogaska Slatina, ya zo na biyu bayan shahararren Rubinstein, daga nan duniya ta san da shi.

Shekarun da suka biyo baya nasa ne. A gasar Hastings ta ƙasar Ingila, wadda ake yi ƙarshen kowace shekara, sau uku a jere ya zo na ɗaya shi kaɗai, daga ta 1931 zuwa ta 1933. A ta huɗu kuma ya raba matsayin da Euwe da Thomas. Shi ne ke jagorancin ƴan wasan ƙasarsa a lokacin da suka zo na uku a gasar ƙasashen duniya ta 1931 a Purag, suka kuma zo na biyu a ta 1933 a Folkestone. A 1936 ya wuce Capablanca a Margate, ya wuce Alekhine a Podebrady, su biyun kuwa duk sun riƙe sarautar duniya. A gida sunansa ya kai inda ƴan kasuwa suke liƙa shi bisa taba da turare don hajarsu ta shiga.

Saboda hakanan, a taronta na 1937 a birnin Stockholm, ƙungiyar eshek ta duniya, FIDE, ta tsaida Flohr a matsayin wanda zai nemi sarautar duniya. Ƙarshen wannan shekara Alekhine ya karɓe sarautarsa daga hannun Euwe, aka kuma shirya za su kara da Flohr a 1939. To, amma ana bikin duniya ake na ƙiyama. Cikin watan Satumba na 1938 aka yi yarjejeniyar Munich, wadda ta yanke wani yanki na Cekoslobakiya ta miƙa wa Jamus ta Hitler. Watanni biyu bayan haka, Flohr ya zauna gasar AVRO a ƙasar Holanda, inda aka tara gwanaye 8 da suka fi kowa a duniya. Bayahude ne, ƙasarsa tana rugujewa, hankalinsa na wajen iyalinsa. Cikin wasa 14 bai ci ko ɗaya ba: an kada shi sau 5, ya yi canjaras 9, ya zo na ƙarshe. Cikin watan Maris na 1939 sojan Jamus suka shiga Purag, maganar karawa da Alekhine ta mutu. Flohr ya koma Tarayyar Sobiyet, ya zama ɗan ƙasa a 1942.

Galibin masu ba da wannan labari nan suke tsayawa, su ce yaƙi ne ya ƙwace masa sarauta. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba. Mu koma gasar Mosko ta 1935, inda Flohr da Botvinnik suka zo na ɗaya tare, kowa da maki 13 cikin wasa 19. Botvinnik ya ci wasa 9, an kada shi sau 2. Flohr ya ci 7, ya yi canjaras 12, ba wanda ya kai shi ƙasa. Maki ɗaya, hali daban. Haka karawarsa da Euwe a 1932 da wadda ya yi da Botvinnik a 1933, duk kunnen doki aka tashi. Euwe ya zama sarkin duniya a 1935, Botvinnik a 1948. Flohr ya ƙware wajen tara ƴar riba kaɗan kaɗan har ƙarshen wasa, yana kada na ƙasa da shi cikin natsuwa. In ya haɗu da tsararsa kuwa, sau da yawa rabin maki ya ishe shi. Irin wannan hanya tana kai mutum ƙofar fada, amma da wuya ta ɗora shi bisa karaga, domin sarkin da ke kai ba ya sauka da canjaras.

Bayan yaƙi wannan hali ya ƙaru. Da Alekhine ya mutu a 1946, aka shirya gasar fidda sabon sarki a 1948, sai Sobiyet ta sa matashi Smyslov a gurbin Flohr. A 1950 ya shiga gasar masu neman sarauta a Budapest, ya ƙare cikin na baya. A shekarar ne FIDE ta sa shi cikin mutum 27 na farko da ta ba muƙamin babban gwani. Daga nan ya fi maida hankali ga aikin jarida da alƙalancin gasa, har ya mutu a Mosko a 1983.

Shin za mu ga laifinsa? Mu dai a ganinmu, a yi masa adalci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da ya rasa iyaye yana yaro, ya rasa ƙasa yana da shekara 30, in ya zauna gaban allo ya fara tunanin abin da zai tsare kafin abin da zai ci, ba abin mamaki ba ne. Sai dai allo ba ya tambayar tarihin mai wasa. Ƙarfin Flohr na gaske bai wuce shekara takwas ba, daga 1929 zuwa 1937, kuma a cikinsu ne ya kamata a ce an yi karawar. Da aka jinkirta, lokaci ya wuce da abinsa.

Sai sati na gaba.