Rumbu Ɗaya, Hannu Da Yawa

A zamanin kaset, aikin tace hoto yana da ƙa'ida guda wadda ba mai iya karya ta, watau kaset ɗin da ke hannun wani, sai ya gama sa'an nan wani ya karɓa. Da aikin ya koma kan kwamfuta, musamman bayan kamfanin Avid na Amurka ya fito da Media Composer a 1989, sai wata sabuwar wahala ta ɓullo. Kowane mai tace hoto ya riƙa kwafe ɗanyen hoton a nasa faifan, har a wayi gari fim ɗaya yana da kwafi huɗu, ba wanda ya san wanne aka taɓa a ƙarshe.

Maganin da aka samo shi ne a tara hotunan duka a rumbu guda, a ja waya daga gare shi zuwa kowace kwamfuta. Avid ya fito da irin wannan rumbu mai suna Unity a 1999, Apple kuma ya biyo da Xsan a 2005.

Abin da ya fi yaudarar masu saye shi ne girman rumbun, alhali kuwa faɗin hanyar da hoton zai bi shi ne abin dubawa. Wayar gigabit da ke yawancin ofisoshi tana ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa, a bisa takarda ke nan. Hoto mai layi 1080 da aka adana a tsarin ProRes 422 HQ yana cin wajen megabit 220 a daƙiƙa, na 4K kuwa ya haura 800. Ashe mutum ɗaya mai aiki da 4K ya kusa cinye hanyar shi kaɗai. Domin haka ne ake sa wayar gigabit 10, ko a yi ƙananan kwafi marasa nauyi a tace da su, sai an gama a mayar da na ainihi.

Sai batun kulle. Mutum goma suna iya kallon hoto ɗaya lokaci guda ba abin da zai same shi, amma littafin aikin, inda aka rubuta wurin da aka yanke da wurin da aka haɗa, ba ya jure alƙalami biyu. A tsarin Avid, wanda ya fara buɗe akwatin aiki shi ke da ikon gyara, sauran sai kallo. Final Cut Pro kuwa ba ya barin mutum biyu su buɗe taskar aiki ɗaya tare, shi ya sa masu wayo ke ajiye hotunan a waje da taskar, cikin rumbun kowa, kowa ya riƙe tasa.

Akwai kuma waɗanda ke zaton tunda rumbun yana da faifai da yawa masu rufa wa juna asiri idan ɗaya ya mutu, ba sauran bukatar ajiyar kwafi a wani wuri. Wannan kuskure ne babba, domin abin da hannu ya goge, daga faifan duka yake gogewa. A 1998, ana cikin aikin Toy Story 2 a kamfanin Pixar, wani ya ba da umarnin gogewa a rumbun da kowa ke aiki a kai, kafin a cire wuta wajen kashi 90 cikin 100 na aikin ya tafi. Da aka koma ga kwafin ajiya, sai aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya duba. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya, Galyn Susman, wadda ke jego, tana da kwafin aikin a kwamfutarta ta gida. A cikin bargo aka naɗo kwamfutar aka kawo ta ofis a mota. Fim ɗin ya fito a watan Nuwamba na 1999.