Lakar Da Ake Yasowa Ba Taki Ba Ce Sai An Gwada

Lokacin da nake SIWES, kullum sai na ratsa ta gefen wani rafi da ake yashewa kafin damina. Katafila ta kwaso baƙar laka ta jibge a bakin hanya, kafin sati ya zagayo masu lambu sun kwashe ta a baro, wai taki ne na banza. Har yau in na ga latas a kasuwa sai na tuna da wannan laka.

Abubuwa da yawa da ake zubawa a ruwa, ƙasan rafi suke komawa su kwanta. Baƙin mai daga gareji, tokar tayoyin da aka ƙona, ruwan masana'antun jima mai ɗauke da kuromiyom, duk suna maƙalewa a laka shekara da shekaru. Wasu daga cikin waɗannan sinadarai suna lalata DNA, wato ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da jikin mutum, kuma irin wannan lahani na cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Ba ranar za a ji ciwo ba, shi ya sa ba wanda ya damu.

Za a ce gwaji sai Turai. A'a wallahi. Gwajin Ames, wanda Ba'amurke Bruce Ames ya fito da shi a shekarun 1970, yana amfani da ƙwayoyin Salmonella, kuma yana son kayan aiki. Amma akwai na talaka: albasa. A jiƙa laka, a tace ruwanta, a ɗora albasa a kai ta yi saiwa kwana biyu zuwa uku, wata kuma a kan ruwa mai tsabta don kwatance. A yanki bakin saiwar, a rina, a duba a maikroskop. Albasa na da kuromosom 16 manya-manya. In sun karye ko sun cukurkuɗe, za ka gani da idonka. Wannan ba zai faɗi sunan gubar ba, amma zai nuna wace laka ce ke buƙatar babban bincike.

'Yan uwana na SLT, maimakon kwafo furojet ɗin shekarun baya, ga aiki a ƙofar gida. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta nemi a gyara mana maikroskop ɗin da suka mutu a lab. Mu ne muke cin latas ɗin nan, mu da ƙannenmu.