Wa zai leƙa ɗakin ɗan haya?

A watan Afrilun 2015 majalisar birnin Liverpool da ke Ingila ta kafa doka cewa duk mai ba da gida haya a birnin sai ya yanki lasisi. Sharuɗɗan ba masu wuya ba ne: a duba gas duk shekara, wayoyin lantarki su kasance lafiya, a kafa na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi. Abin da ya ba dokar haƙori shi ne jami'an majalisa na zuwa duba gida ko da babu wanda ya kai ƙara. Mu da muka taso muna jin labarin duba-gari mun san wannan aiki.

Dokar gidaje ta 2004 ta ce irin wannan shiri ba ya wuce shekara biyar, kuma a lokacin sai an nemi izinin minista kafin a sabunta shi. Da wa'adi ya ƙarato, Liverpool ta nemi a sabunta, ta kuma kawo hujja: kashi 70 cikin ɗari na gidajen da aka duba sun saɓa wa sharuɗɗa, an kuma gurfanar da masu gida kusan 250 a kotu. Amma a watan Janairun 2020 ministan gidaje na lokacin, Robert Jenrick, ya ƙi sa hannu. Dalilinsa shi ne majalisar ba ta kawo gamsasshiyar shaida cewa matsalar ta game dukan birnin ba. Shirin ya mutu a ƙarshen Maris, daidai lokacin da annobar korona ta kulle mutane cikin waɗannan ɗakuna. Sai a Afrilun 2022 ya dawo, a mazaɓu 16 kawai, kodayake sun ƙunshi kusan kashi 80 na gidajen hayar.

A ganina ministan ya yi kuskure. Masu gida suna da nasu ƙorafin, ban kuma ce duk shirme ba ne. Suna cewa na kirki ne ke biyan kuɗin lasisi alhali mugu na ɓuya, kuma a ƙarshe kuɗin kan ɗan haya yake komawa. To, a lissafa. A shirin 2015, fam 400 ne kuɗin lasisin gida na farko na tsawon shekara biyar, wato bai kai fam bakwai a wata ba. Ko da an ɗora wa ɗan haya shi kaf, ya fi masa sauƙi a kan kwana da wayar wuta tsirara a saman gadon 'ya'yansa.

Akwai kuma masu cewa ai dokar ingancin gida tana nan, wanda aka cuta ya kai ƙara. Mai faɗin haka bai taɓa zaman haya ba. A Ingila ta wancan lokaci, sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 ya ba mai gida damar ba ɗan haya notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba. Wanda rufinsa ke yoyo ya san cewa yau ya buɗe baki, gobe yana neman ɗaki. Sai ya tara bokiti ya yi shiru. Shi kuma ofis ya duba littafinsa, ya ga babu ƙara, ya ce gari lafiya. Zaluncin da ke nan ya fi na yoyon, domin an ɗora nauyin tsare doka a kan wanda ya fi kowa rauni a cinikin.

Haya ciniki ce, kuma mai sayar da kaya yana ɓoye aibinsu ya ci amana, ko a Liverpool yake ko a ina. Danshi da funfuna ba ƙaramin aibi ba ne. A Rochdale, ba nisa da Liverpool, su ne suka yi ajalin wani yaro ɗan shekara biyu a Disambar 2020, a gidan wata ƙungiyar gidaje ma, ba na ɗan kasuwa ba.

Inda nake tare da masu suka shi ne nan: lasisin da ba a bin sa da dubawa haraji ne kawai aka sauya wa suna. Shirin Liverpool na yanzu zai ƙare a 2027. Kafin a sabunta shi, ya kamata majalisar ta fito ta faɗi gida nawa jami'anta suka shiga da ƙafarsu, nawa aka gyara, kuma 'yan haya nawa aka kora bayan an zo dubawa. In amsar ta yi kyau a ci gaba, a kuma mayar da unguwannin da aka bari a waje.