Kurtun Sigarin Laturoni Ba Injin Ban-Ruwa Ba Ne: Kada Ka Gyara Shi da Hannunka

Mai karatu, Haɗeja gari ne na masu hannu. Duk wanda ya ratsa fadamun Auyo ko Kirikasamma lokacin noman rani zai ga matashi ya warware injin ban-ruwa gunduwa-gunduwa a bakin kogi, ya mayar da shi, ya tayar. A cikin gari kuwa, wayar da aka fitar da rai da ita sai ta farfaɗo a teburin mai gyara. Wannan baiwa ce da muke alfahari da ita. Sai dai akwai inda ya kamata ta tsaya, kuma wurin da nake so mu duba a yau shi ne kurtun sigarin laturoni, wato ɗan mazubin nan da ke ɗauke da ruwan da ake zuƙa.

Sigarin laturoni ya shigo hannun matasanmu ta hanyar Kano da kasuwar intanet. Da yake yana da tsada, kuma yawancinsa an ƙera shi ne don a jefar idan ruwan ya ƙare, sai dabara ta shigo: a ɓalle kurtun, a ɗura masa wani ruwa, a sake cajin batirin da ba a yi shi don a sake caji ba. Mu da ke aikin harhaɗa magunguna muna gane hakan daga irin tambayoyin da ake yi mana a kan gilisarin da sirinji. Matsayina a fili yake: wanda aka rufe a masana'anta ma yana da illa, amma wanda aka buɗe aka cika a ɗaki ya ninka shi haɗari, domin babu wanda ya san abin da ke ciki, har shi kansa mai haɗawar.

Me ke cikin kurtun?

Wani masanin harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙirƙiro wannan na'ura a 2003. Aikinta mai sauƙi ne. Batir yana zafafa wata siririyar waya da aka naɗe da auduga, audugar na tsotso ruwa daga kurtun, zafin ya mayar da ruwan tururi. Ruwan kuwa haɗin abubuwa huɗu ne: gilisarin, furofilin gilaikol, nikotin da kayan ƙamshi. An auna kaurin ruwan da ƙarfin batirin da girman wayar ne don su dace da juna. Da zarar ka sauya ɗaya, ka rushe ma'aunin sauran.

Huhu ba tumbi ba ne

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar cewa duk abin da ake ci ko ake shafawa ana iya zuƙarsa. Shi ya sa za ka ji an ɗura man zaitun, man habbatussauda, zuma, turaren ruwa, kayan ƙamshin kek, ko gilisarin ɗin shafawa da ake saye lokacin hunturu, wanda sau da yawa an riga an cakuɗa shi da turare. Tumbi yana da ruwan narkar da abinci, hanta na tace guba, hanji na fitar da abin da ya saura. Huhu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska ne, bangonsu ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Idan maiƙo ya sauka a cikinsu, sai ya maƙale, jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙo, kumburi ya tashi, iska ta kasa ratsawa zuwa jini.

Amurka ta ga wannan da idonta. A 2019 aka fara kwantar da matasa masu ƙoshin lafiya a asibitoci, numfashi na gagararsu. Zuwa watan Fabrairun 2020, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka rasu. Bincike ya kai ga bitamin E asitet, wani mai kauri da masu haɗa kurtun a bayan fage suke tsarma ruwan wiwi da shi don ya yi auki. Ka lura, mai karatu: bitamin E ana haɗiyarsa, ana sa shi a man shafawa, babu matsala. Hanyar shigarsa jiki kawai aka sauya, ya zama ajali. Wannan ya faru ne a ƙasar da ke da injinan taimakon numfashi a kusan kowane babban asibiti. Yi tunanin matashin da ke ƙauyen da ambaliya ta yanke masa hanya a watan Agusta.

Ƙwaya da ruwan tari

Mafi muni shi ne masu niƙa tiramadol ko zuba ruwan kodin a kurtun. Tun watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a Arewa. Ƙwayar magani ba sinadarin maganin kaɗai ba ce. Akwai sitaci da hoda da sauran abubuwan da ke riƙe ta, waɗanda aka tanada don hanji. Ruwan tari kuma cike yake da sukari, wanda ke ƙonewa a kan waya mai zafi ya fitar da hayaƙi mai cin huhu. Ga shi kuma tiramadol da kodin duka suna danne numfashi, tiramadol na iya jawo jijjiga. A ce mutum ya raunata huhunsa da hayaƙi sannan ya danne cibiyar numfashi a ƙwaƙwalwarsa a zuƙa guda, wannan ganganci ne da rai.

Lissafin nikotin

Sana'armu ta ginu a kan awo. A Tarayyar Turai da Birtaniya, doka ta taƙaita nikotin a miligiram 20 cikin kowane mililita ɗaya. Da yawa daga waɗanda ake kawo mana an rubuta musu 5%, wato miligiram 50 a mililita. Kurtu mai mililita 2 na ɗauke da miligiram 100 ke nan, alhali abin da jiki ke sha daga karan sigari ɗaya bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Mai haɗa ruwa da ido da murfin kwalba ba shi da hanyar sanin ko ya ninka wannan adadi.

Haɗarin bai tsaya a kansa ba. Ruwan na da kala da ƙamshin mangwaro ko alewa, kuma a gidajenmu na gandu yara na shiga kowane ɗaki. A 2014 wani yaro ɗan shekara ɗaya ya rasu a jihar New York bayan ya sha ruwan nikotin. Mun san yadda maganin feshin gona da aka juye a robar lemo ke jawo asarar rayuka. Wannan ɗan'uwansa ne. Idan yaro ya sha, ko ka ga amai, dalalar miyau, gumi da rawar jiki, kada a ba shi manja ko madara, kada a tilasta masa amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Idan a fata ya zuba, a wanke da ruwa da sabulu.

Batir da zafin bazara

Batirin litiyam ba ya jure zafi, huda ko cajin da ya wuce ƙima. A Haɗeja zafin Afrilu da Mayu na haura digiri 40. Batirin da aka ɓare, aka jona masa wayar caja, aka bari a jikin janareto, ko aka jefa a aljihu tare da makulli, yana iya kamawa da wuta kusa da fuska ko cinya. A watan Mayun 2018 wani mutum ya rasa ransa a Florida sakamakon fashewar irin wannan na'ura. Haka nan idan aka ƙara wa wayar zafi, ko audugar ta bushe, ruwan na rikiɗa ya fitar da fomaldihaid, sinadarin da aka tabbatar yana jawo cutar daji. Ɗanɗanon ƙauri a maƙogwaro alamarsa ce.

Idan alamu sun bayyana

Raunin huhu irin wannan yakan zo da tari, haki, ciwon ƙirji, zazzaɓi, amai da gudawa. A yankinmu na bakin ruwa, kowa zai fara zargin zazzaɓin cizon sauro, taifod ko ƙurar hunturu, a yi ta sayen magani a kemis ana ɓata kwanaki masu tsada. Don haka ka je asibiti da wuri, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ka zuƙa, ka tafi da kurtun. Sirrinka amana ce a hannun ma'aikacin lafiya, kuma maganin da za a zaɓa maka ya dogara ne a kan wannan bayani.

Iyaye, idan kun ga sirinji, ƙananan kwalabe masu ƙamshin 'ya'yan itace ko kurtun da aka ɓalle a ɗakin yaro, ku zauna da shi cikin natsuwa kafin faɗa. Nikotin kama jiki yake yi, kuma wanda aka kunyata ɓoyewa zai ƙara yi.

Kai kuma da tsada ta sa ka fara wannan dabara, ka tuna garin neman gira akan rasa ido. Kuɗin da ka rage bai kai na kwana ɗaya a kan iskar oksijin ba. Hanyar da ta fi araha ita ce dainawa. Kwanaki uku na farko su ne mafi wuya, daga nan ƙaiƙayin yakan ragu cikin 'yan makonni. Ka sa rana, ka sanar da wanda ka amince da shi, ka tuntuɓi likita ko masanin magunguna a kan cingam ko filastar nikotin masu awo sananne. Injin da ya lalace ana samun kayan gyaransa a kasuwa, amma babu shagon da ke sayar da huhu. Allah Ya ƙara mana lafiya.