Zuwa Maraɗi Ba Yawon Banza Ba Ne

Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda ake ɗaukar matar da ta yi tafiya tare da ƙawayenta kamar ta yi abin kunya.

A hutun Kirsimeti na 2022, mu malamai mata huɗu daga nan Shinkafi muka yi adashi na wata uku, muka nemi izinin mazajenmu, yayan ɗayarmu ya yi mana rakiya, muka tafi Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. Mun tashi ran Juma'a, muka dawo ran Litinin. Kafin mu sauke kaya tsegumi ya riga mu shiga gari. Wasu suka ce me ya haɗa Musulma da Kirsimeti, wasu kuma suka ce albashi ne ya yi mana yawa.

To, jama'a, ba bikin kowa muka je ba. Lokacin ne ake rufe makarantu, an gama kaka, zafi ya yi sauƙi. In malama ba ta motsa a lokacin ba, yaushe za ta motsa?

Kuma Maraɗi ba baƙon wuri ba ne gare mu. Sarakunan Katsina da jihadi ya tayar su suka kafa ta, shi ya sa har yau ake cewa Katsinar Maraɗi. Kusa da ita ga Tsibiri, inda Gobirawa suka zauna bayan an ci Alkalawa a 1808. Na sha koya wa yara wannan a aji, amma sai da na tsaya a ƙofar fadar Sarki na ji abin ya zauna mini. Gani ya kori ji. Mun ga tafkin Madarumfa, mun shiga kasuwa, inda muka koyi cewa jaka a can sefa 1,000 ce, ba naira 200 irin tamu ba. Mun kuma gaisa da wasu mata 'yan ƙasarmu da suka gudu can tun 2019 saboda 'yan bindiga. Wata tsohuwa da ta ji mun ce Shinkafi, sai ta riƙe hannuna tana tambayar ko kasuwar Alhamis tana ci har yanzu. Wannan gaisuwa kaɗai ta biya mini kuɗin mota.

Amma kada wata ta karanta wannan ta ɗauki mayafi ta kama hanya. Tafiyar yau ba irin ta iyayenmu ba ce. Hanyar da ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya ita ce gajera, amma saboda masu satar mutane sai muka zagaya ta Ƙaura Namoda da Gusau da Funtuwa, muka kwana Katsina, da safe muka tsallaka ta Magama zuwa Ɗan Isa. Ba mu yi tafiyar dare ko sau ɗaya ba. Iyakar ma ba ta da tabbas: an rufe ta a Agustan 2019 sai Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, Nijeriya ta buɗe ɓangarenta a Maris 2024. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS. Saboda haka ki tambayi halin da ake ciki wurin direbobin tasha da ma'aikatan shige da fice kafin ki ɗaura niyya. Ki riƙe fasfonki da katin rigakafin shawara, ki canji kuɗi tun daga gida, ki san gidan da za ki sauka. In aka ce hanya ba kyau, ki haƙura. Maraɗi ba za ta gudu ba, rai kuwa guda ne.

Haka kuma, 'yar'uwa, kada ki ci bashi don ki dawo da atamfa a ce kin je ƙasar waje. Wadda ta yi haka ita ke ba masu tsegumi abin faɗa.

Ku kuma mazaje, muna roƙonku ku dubi abin da idon basira. Matar da ta ga duniya cikin mutunci ta fi iya tarbiyyar 'ya'yanta, kuma malamar da ta taka iyaka da ƙafarta ta fi iya bayyana wa yara taswira. In kuna tsoron hanya, ku faɗa, za mu ji. Amma kada tsoron bakin mutane ya sa ku hana.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya buɗe hanyoyinmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.